An Kai Karimatu Riƙo

Shafa'atu ta durƙusa a tsakiyar falon Jane, ta buɗe hannuwa biyu, amma yarinyar ta ja da baya, ta zagaya ta ɓuya a bayan siket ɗin Baturiyar. Ido ɗaya kawai ta leƙo da shi.

"Karimatu, zo mana. Ni ce Ummanki."

Ko motsi yarinyar ba ta yi ba. Shekararta huɗu, amma ko "zo" ba ta sani ba da Hausa. An aske mata kai ƙwal kamar na namiji, domin Jane ta ce taje gashin ya gagare ta. Ƙafafunta sun yi furu-furu don rashin mai. Sai dai abin da ya fi ɗaukar idon Shafa'atu shi ne bandejin da ke naɗe a hannunta na hagu.

"Me ya same ta?" ta tambaya da Turanci.

Jane ta sunkuyar da kai. Mijinta ya rasu, da riƙon 'ya'yan ɗaliban Najeriya take rufa wa kanta asiri a wannan ƙauye na yankin Kent a Ingila. Ta ce yaran maƙwabta ne suka sa yarinyar a gaba, wai jikinta dauɗa ce. Shekaranjiya ta iske ta a kicin, ta ɗauki soson ƙarfe na wanke tukwane tana dirzar hannunta har jini, wai ko baƙin zai fita.

Shafa'atu ta matso kusa. Ta kai hannu za ta taɓa bandejin, yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta ƙanƙame ƙafar Jane tana kiran "Momi."

*

Shekara uku ke nan da zuwansu Landan. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnatin jiha na rabon sukolashif kamar goron suna. Mijinta Maharazu ya samu na karatun akanta. Ita kuwa, da ke koyarwa a makarantar 'yan mata a Zariya, aka ba ta gurbin Nazarin Amurka: tarihin ƙasar da adabinta da siyasarta, har da finafinai da kiɗan baƙaƙen fatarta, duk a digiri guda. Kawunta ya yi ta dariya, wai ina aka taɓa zuwa Ingila a karanto Amurka. Ita ko ta so karatun har cikin ranta.

Waɗanda suka tsara sukolashif ɗin ba su yi tunanin goyo ba. Masu gidajen haya a unguwar Camberwell kuwa, da sun hango jaririya a baya sai su turo ƙofa. 'Yan Najeriyar da suka riga su zuwa ne suka nuna musu hanya: a kai yaro ƙauye wajen Baturiya, a riƙa biyanta, a je a gan shi in an samu sarari. Kowa haka yake yi, in ji su. Ko yaye Karimatu ba a yi ba aka kai ta. Sararin kuwa, daga kowace Lahadi ya koma ƙarshen wata, daga nan ya koma sai an yi hutu.

Da ta dawo daga Kent ta tarar da Maharazu a gaban hitar ɗumama ɗaki, ya baje littattafai.

"Baban Karima, gobe za mu ɗauko yarinyar nan."

Ta kwashe abin da ta gani ta gaya masa. Ya yi salati, ya cire tabarau ya murje idanu.

"Haba Shafa. Jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Mun yi haƙuri har mun hango gaɓa, yanzu za ki kifar da kwale-kwalen? Yarinya ce, mantawa za ta yi."

"Ai ta riga ta manta. Ni ta manta."

"Kin san sharaɗin mai gidan nan. Kina shigowa da ita zai watso mana kaya titi. In kuma kika faɗi, da wane ido za mu kalli mutanen gida? Duk abokanmu 'ya'yansu na ƙauye, ba wanda ya ta da hankalinsa."

"Wa ya je ya duba hannuwan nasu? Mu haɗu wajen suna, mu ci shinkafa, mu yi ta zancen mota da gidan gwamnati da ke jiranmu, ba mai cewa ina 'ya'yanmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu za a ɗaura wa rigar digiri, su ke biya da fatarsu!"

"Ki rage murya, Turawa na ji."

"Su ji mana! Ba su muka bai wa ita ba?"

*

Ranar Litinin malaminsu na tarihi ya kawo zancen kasuwannin bayi na kudancin Amurka, inda akan sayar da uwa gabas, a sayar da ɗa yamma. Wata ɗaliba mai jan gashi ta share ƙwalla, ta ce ita ta kasa gane yadda uwa za ta ci gaba da numfashi bayan haka. Malamin ya juyo wajen Shafa'atu, kamar yadda ya saba duk sa'ad da aka ambaci baƙar fata, ya nemi jin ta bakinta.

Ta zuba masa ido. Ta yi rubutu a kan wannan babin, har ya yaba mata a gaban aji. Waɗancan matan da bulala aka ɓamɓare 'ya'yan daga ƙirjinsu. Ita fa? Da ƙafarta ta hau jirgin ƙasa, ta miƙa tata, har da godiya. Haushi ya turnuƙe ta, na gwamnatin da ta turo su, na masu gidajen haya, na Maharazu, amma wanda ya fi ci mata rai na kanta ne. Ta tattara littattafanta ta fice. Tasha ta nufa.

Jane ta tare bakin ƙofa tana kuka.

"Ni na ga takunta na fari. Ni na zauna a kanta da ta yi ƙyanda. Ke kina ina?"

Shafa'atu ta matsa gaba. Ta raɓa ta gefenta ta sunkuci yarinyar, tana harbi tana cizo. A cikin jirgi fasinjoji suka yi ta kallonta kamar ɓarauniyar yara, har kwandasta ya tsaya a kanta ya ce, "'Yar wa ce wannan?"

"Tawa ce," ta ce.

*

Mai gidan hayar ya cika alkawarinsa, ya watso musu kaya titi. Maharazu ya kwashe littattafansa ya tare wajen wani abokinsa a Stratford, ya ce sai ya gama jarrabawa za su yi magana. Chundung, wata nas 'yar Jos da ke aiki a wani asibiti a Camberwell, ita ta buɗe wa Shafa'atu da yarinyar ɗakinta.

"Shigo, Maman Karima, za mu matsa. Nawa biyu suna can ƙauye. Ban samu ƙarfin zuciyarki ba tukuna."

Shafa'atu ta yi bita da littafi a hannu ɗaya, cokali a ɗayan, tana lallashin yarinyar da ba ta buɗe baki sai ga burodi da madara. Ta rubuta jarrabawa idanunta jajur. Ta ci, amma da ƙyar, a mataki na ƙasa, ita da malamai suka sa ran za ta zo kan gaba.

Ranar da sakamakon ya fito, ta hau bene ta tura ƙofa a hankali, domin ta san abin da ke bayanta. Karimatu ta daina kuka tun tuni. Tana zaune a ƙasa, jikin ƙofa, ta sa kwat ɗinta ta ɓalla maɓallan a karkace, takalman dama a hagu.

Shafa'atu ta tsuguna, ta yi mata magana da Turanci, harshen da suka haɗa kaɗai.

"Na ci jarrabawa, Karima. Mun gama."

Yarinyar ta ɗago kai, ta yi magana cikin ladabin da ake koya wa yara su yi wa baƙi.

"Don Allah, Madam, yau za a mayar da ni gida? Ai na daina ɓarna."

Shafa'atu ta zame ta zauna kusa da ita, ta jingina da bango. Wani ya hau benen a waje. Yarinyar ta miƙe zumbur ta kasa kunne, har takun ya wuce, sannan ta koma ta zauna, ta gyara kwat ɗinta.