Ƙwayar da Ake Jefawa a Ruwa

"Ka bugi bayansa," Auta ta ce da ni. Kofin ruwa na hannunta, ta manta ta ajiye.

Na buga. Bayan Baba Mai Walda kamar ƙofofin ƙarfen da yake ƙerawa ne, hannuna kawai ya yi zafi. Yana durƙushe a bakin shagonsa, ya dafe maƙogwaro, farar kumfa na fita ta gefen bakinsa.

Ɗazun nan fa dariya muke yi. Katangarmu ɗaya da shi. Tun da na watsar da makaranta nake yawo shago shago, shi kaɗai ne ba ya korata. Ranar mura ce ta kama shi, amma ya ƙi rufe shago. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta dawo daga kemis da wata doguwar roba, ta zazzago masa ƙwaya ɗaya fara, faɗinta ya kai marfin kwalbar lemo.

"Baba, wannan ba haɗiya ake yi ba. A ruwa ake jefa ta, ta tafasa ta narke, sannan a sha. Bari in ɗebo."

"Ni za ki koya wa shan magani?" Ya dube ni. "Ɗan yawo, faɗa mata. Ka taɓa ganin na sha ƙwaya da ruwa?"

Ban taɓa gani ba. Duk layinmu an san shi da wannan. Sai ya watsa uku a baki, ya ɗaga kai, shi ke nan. Ruwa, in ji shi, na masu wuyan kaza ne.

"Wannan fa ta yi faɗi, Baba," in ji Auta.

"Wuyan ma ai ba ƙarami ba ne."

Auta na shiga gida ya jefa ta a baki, ya kashe mini ido. Ya haɗiya. Ya sake haɗiya. Sai na ga idon ya fito.

Tela na kusa ya rugo da almakashi a hannu. "A ba shi ruwa ta wuce mana."

Auta ta kafa masa kofin. Ɗan abin da ya shiga shi ya ƙarasa ɓata lamarin. Wallahi da kunnena na ji tana tafasa a cikin wuyansa, shuuu, kamar an tsoma jan ƙarfe a bokiti. Kumfar ta biyo ta hanci.

Na tare tasi a tsakiyar titi. Mu huɗu muka ciccibe shi. A hanya ya damƙe hannuna har ƙasusuwana suka yi ƙara, bakinsa na motsi ba sauti. Muna hango ƙofar asibiti na ji riƙon ya saki.

Likita ya ce ƙwayar ta maƙale, ta toshe masa numfashi. Auta ta tsaya tana kallonsa.

"Mura ce fa kawai, likita. Mura."

Da yamma mahaifiyarta ta ce in je in rufe shagon. Tabaran waldarsa na kan benci, ƙofar da ya fara haɗawa na jingine. Ban lura da robar a ƙasa ba, na yi tuntuɓe da ita. Ƙwaya ɗaya ta gangara ta faɗa cikin kaskon ruwan da yake sanyaya ƙarfe.

Ta yi ta juyi tana kumfa, tana ƙanƙancewa. Kafin in lalubo kwaɗon ƙofa, ruwan ya kwanta.