Yumɓun Kulu

Tun ranar da aka kai Adama makwancinta, 'yarta Kulu ba ta sake cewa uffan ba. Shekararta biyar. Matan gida sun ce mata uwarta ta tafi kasuwar Bakori, sai yarinya ta samu bakin ƙofa ta zauna. Wata huɗu ke nan. Mutanen ƙauyensu Ƙarfi, da ba su taɓa rasa bayani a kan ciwon wani ba, suka ce iska ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ta sha, ta shaƙa, ta koma bakin ƙofa.

Da aka gama tsinkar auduga, ubanta Jibo ya ɗora ta a keke zuwa ɗakin shan magani a Malumfashi. Nas ɗin, Sekinat, Bayarabiya ce haifaffiyar Funtuwa. Ta duba yarinya, ba ta ɗauko allura ba. Ta ce ya samo yumɓu, kullum da hantsi ya zauna ƙasa tare da ita, kada ya tambaye ta komai, kada ya gyara mata. Abin da bakinta ya kasa, hannu zai fara.

Jibo ya ce ai 'yar fari ce. Ko sunanta bai taɓa kira ba, balle ya baje yana wasan ƙasa da ita.

"To Malam, kunyar taka ta yi mata magani?"

A bayan rumbu ya fara, inda ba idon jama'a. Duk da haka labari ya kai masallaci cewa rashin mata ya taɓa masa kai. Kwana goma Kulu na dunƙula yumɓu tana farfasawa. Shi kuwa yana zaune, ƙafa na sagewa.

Ranar sha ɗaya ta gina mace. Ta tsinto farar auduga ta naɗe ta tun daga kai har ƙafa, ta tona rami da tsinke, ta kwantar da ita ta gefen dama. Sannan ta ɗago ta dube shi.

Ashe ta gani. Maƙabarta a bayan gidansu take, ta kafar zana ta ga komai ranar, manya kuwa suna ta yi mata zancen kasuwa.

"Haka ne," in ji Jibo. "Ba kasuwa ta je ba. Ta rasu."

Kulu ta shiga tura ƙasa da tafinta. Hannun ƙarami ne, audugar ta ƙi rufuwa. Muryar da ta fito a dishe take.

"Baba, ƙaro ƙasa."

Ya ɗebo da hannu biyu, ya ƙara.