Tabawa a Kogin Zoɓo

Zazzaɓi ne ya kayar da Tabawa bayan azahar, ita da ba ta san kwanciyar rana ba. Ta bar tukunyar zoɓon da take sayarwa a kan murhu, ta jingina da buhun gero. Amma ba zazzaɓin ne ke cin ranta ba. An aiko mata cewa yayarta Lantana tana kwance a Ringim, jiki ya yi tsanani, tana ta kiran sunanta. Tun ranar da Tabawa ta yaɓa mata baƙar magana a gaban dangi, Lantana ba ta rama ba, murmushi kawai ta yi ta ɗauke ƙafarta shekara da shekaru. Tabawa kuwa, da bakinta mai tsami, ta ce wa ɗan aiken, "Sai na ga dama."

Barci na ɗaukarta tukunyar ta tumbatsa. Zoɓo ya cika tsakar gida, ya ture katanga, ya zama kogi ja wur. Ludayinta ya taso a kan ruwan, ya yi girman kwalekwale.

"Shigo," in ji Ludayi. "Kin daɗe kina juya ni, yau ni zan juya ki."

Suka fara tsayawa a gaɓar dama, inda lemun tsami ke zubowa daga sama, iska kanta tana kashe haƙori. Wata tsohuwa mai gashin tsamiya tana zaune tana tsoma wuƙa mai tsatsa a ramin ruwan tsami.

"Lale, 'yata, kin zo gida," ta ce.

Ta zaro wuƙar, tsatsa ta kakkaɓe, ƙarfe yana ƙyalli. Tabawa ta ji daɗi, don ita ma haka take ɗaukar kanta, mai wanke mutane da gaskiya. Sai tsohuwar ta mayar da wuƙar, ta manta da ita. Da ta sake zarowa, ƙota kaɗai ta fito.

Ludayi ya juya da ita zuwa hagu. Ruwan ya soma dushewa, jan ya mutu, ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore.

"Wa ya ɓata mini zoɓo?" Tabawa ta tambaya.

"Zoɓo ba ya rufa wa kowa asiri," in ji Ludayi. "Tsami ya taɓa shi, ya yi ja. Kanwa ta taɓa shi, ga shi nan."

Gaɓar hagu duwatsun kanwa ne, farare, babu ko kukan tsuntsu. Wata mace cikin fararen kaya ta tarbe ta ba tare da ta ce uffan ba, ta kama hannunta tana murmushi. Hannun yana da santsi kamar sabulu. Tabawa ta saki jiki. Sai da matar ta sake ta, sannan Tabawa ta ga fatar tafin hannunta ta saluɓe.

"Ka gani ko!" ta daka wa Ludayi tsawa. "Shirun ma ƙuna yake yi. Ba ni kaɗai ba ce!"

"Wa ya ce ke kaɗai ce?"

Can tsakiyar kogi Lantana tana zaune a kan kifaffen turmi, ta rame, ta riƙe ƙwarya babu komai a ciki. Tausayi ya kama Tabawa, irin wanda ba ta shirya masa ba, har ya ba ta haushi.

"In gaɓar nan biyu suka haɗu fa?" ta tambaya a hankali.

Ludayi ya kamfato daga dama, ya kamfato daga hagu, ya zuba a ƙwaryar. Kumfa ta taso tana huci, ƙwaryar ta ɗauki ɗumi, sannan komai ya lafa. Tabawa ta tsoma yatsa ta lasa. Babu tsami, babu ɗaci.

"Gishiri da ruwa? Iyakar abin da ya rage ke nan?"

"Iyakarsa. Shi ma sai an haɗu."

Turmin ya fara nitsewa. Tabawa ta miƙa hannu, ta buɗe baki ta ce, "Yaya!"

Da kiran a bakinta ta farka firgigit, ana doka sallama a zaure. Nafi'u ne, babban ɗan Lantana. Ta fizgi mayafi, ta zura takalmi ɗaya.

"Mu je, Nafi'u, kada mota ta tashi."

Bai juya ba. Ya tsuguna a gabanta, ya sunkuyar da kai.

"Inna, an kai ta tun da hantsi."