Mai Kashe Fanka a Ɗakin Guga

Ƙanena Onno ya kira ni ranar Litinin da safe, ina tsaka da soya ƙwai. Ko gaisuwa babu ya ce, "Theda, zo ki gani, mutuwa suke yi."

Gabana ya faɗi, domin tun watan Yuni da aka gano ciwon daji a hantar matarsa Gesine, maganar mutuwa ta daina zama wasa a gidansu. Ashe shukokinsa yake nufi. Na zage shi son raina, na kashe murhu, na ɗauki keke.

Onno tsohon direban bas ne a garinmu Leer, shekara sittin da shida a duniya bai taɓa raya ko albasa a tukunya ba. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi a gidajen gilashi na Papenburg ina noman kokwamba. Amma da doka ta yarda baligi ya shuka wiwi guda uku a gida, bai nemi shawarata ba. Wani ne ya gaya masa a layin asibiti wai ganyen yana buɗe ciki, yana sa barci, Gesine kuwa ta daina ci ta daina barci. Ya sayo tanti baƙi mai tsayin mutum, da fitila, da tukwane uku, ya kafa a ɗakin guga a saman bene. Na ce masa likita ma za ta iya rubuta mata, ya ce ya sani. Da yake doka ta ce mai sha shi ke shukawa, sai ya riƙa cewa gonar Gesine ce, shi ɗan ƙodago ne kawai.

Na sami Gesine a falo a kan doguwar kujera, an lulluɓe ta da bargo biyu. Ta rame har zoben aurenta ya koma ɗan yatsan tsakiya.

"Ga uwar kokwamba an kira," in ji ta. "Ki yi masa a hankali, jiya har kuka ya kusa yi."

Da na zuge zif ɗin tantin, zafi ne ya fara marina a fuska. Shukokin ba su kai gwiwata ba, ganyen sama ya nannaɗe kamar an gasa shi, bakinsa ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Ƙasar tukwanen kuwa caɓa-caɓa, don shi a ganinsa ƙishirwa ce, yana ta ɗura musu ruwa safe da yamma. Na sa bayan hannuna daidai kan shukar, ban ƙirga goma ba na janye.

"Onno, fitilar nan kaji kake ƙyanƙyasa da ita?"

"An ce suna son haske."

"Kai ma kana son shayi, ba a dafa ka a ciki."

Hitar ɗakin a kunne take har ƙarshe. Wannan duk ban yi mamaki ba, kowane sabon shiga yana yi. Abin da ya sa na dafa bango shi ne kafofin iska na tantin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da salatif, liƙi mai kyau irin na mutum mai tsari, ita kuma ƙaramar fankar da ta zo da kayan tana cikin kwalinta ba a taɓa ta ba.

"Wannan fa?"

Ya dube ni kamar ni ce mara hankali. "Iska za ta ratsa su. Ƙanana ne fa."

Na so in yi dariya, sai tausayi ya rufe ni. Haka aka rene mu. A gidanmu ba a buɗe taga da ƙofa lokaci ɗaya, mahaifiyarmu ta yi imani iskar da ke ratsa ɗaki ita ce uwar sanƙarar wuya da ciwon kunne da duk wata cuta. Har ta rasu da mafila a wuyanta take kwana. Onno ya yi shekara arba'in yana faɗa da fasinjoji kan buɗe taga. Abin da ya sani na kula da mai rauni ke nan, shi ya yi wa shukokinsa.

Na ɓamɓare salatif ɗin, na ɗaga fitilar sama har bayan hannuna ya daina jin ƙuna, na kashe hita, na rataye fanka na kunna. Na hana shi ba su ruwa sai ƙasar ta bushe tsawon gaɓar yatsa. Sannan na rataye tsohon ma'aunin zafina na wurin aiki, irin wanda ke riƙe zafi mafi yawa da aka yi a yini, ko mutum baya nan ya ba shi labari. Onno yana tsaye yana kallon ganyen na kaɗawa, hannunsa a wuyansa.

"Sai yaushe za su nuna?" ya tambaya.

"In ba ka sake gasa su ba, ƙarshen Fabrairu."

Muna cikin satin farko na Nuwamba. Ya sunkuya yana tsince salatif daga ƙasa.

Bayan kwana biyar na koma. Sabon ganye ya fito kore shar, amma bakinsa ya soma nannaɗewa. Ma'auni ya nuna an taɓa kai digiri talatin da uku. Na goge lambar na mayar da shi, washegari na dawo, talatin da uku. Rana ta uku ma haka. Duk safiyar da na zo fanka na juyawa, hita a kashe, ɗaki lafiya lau. Na duba waya, na duba agogon da ke kunna fitila da kashe ta, babu abin da ya same su. Ni ba na son abin da ba shi da dalili, kuma ba na son a raina mini wayo.

"Kai ne kake kashe fankar nan in na tafi."

"Ban taɓa ta ba."

"Onno, na san ka tun kana fitsarin kwance."

"Na rantse da kabarin Mama ban taɓa fankar nan ba."

Na faɗa masa maganganu marasa daɗi a kan matakala, har da cewa idan shukokin suka mutu shi ya kashe su da taurin kai, kuma ya san wa zai cuta. Fuskarsa ta yi ja, bai rama ba. Har yau idan na tuna ina jin kunya.

Na yanke shawara zan kama shi da hannuna. Ranar Alhamis na zo ba sanarwa da ƙarfe uku da kwata na rana, lokacin shayi, sama ta yi duhu kamar magariba, yayyafi yana zuba. Motarsa ba ta nan. Na buɗe da makullina, falo babu kowa, barguna a zube a ƙasa. Na hau bene da sauri, don sati uku ke nan ana cewa Gesine ba ta iya hawa, har an sauko mata da gado.

Tana zaune a kan 'yar kujerar guga a bakin tanti, ta zuge zif ɗin gaba ɗaya. Fanka a tsaye, ɗaki ya ɗau ɗumi. Ta cire hular da take rufe kanta da ita tun da gashinta ya zube, ta ɗaga fuska cikin hasken, idanunta a rufe. A cinyarta akwai kofin shayi, madarar tana yawo a sama yadda muke sha, ba a juya ba.

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Rufe ƙofa, Theda, iska na ratsawa."

Na rufe. "Ta yaya kika hau?"

"Da mazaunai. Matakala goma sha huɗu, ina hutawa a ta bakwai. Shayin a fulas nake hawo da shi."

"Ke ce kike kashe mini fanka."

"Tana bugun mini wuya." Ta buɗe ido ɗaya. "Kin zo ki zage ni? Ki yi sauri, ƙarfe huɗu yake dawowa."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan ajiye shi. Na zauna a kan kwandon wanki.

Ta ce rabonta da ganin rana tun tsakiyar Oktoba. A falo komai toka-toka ne, taga, bango, har fuskar Onno. Wata rana ya fita kemis ta ga haske yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin guga, sai ta ji in ba ta je ba za ta haukace. "Kin tuna tsibirin Borkum a watan Yuli, in an kwanta a yashi an rufe ido, sai ka ga ja ta cikin fatar ido? Haka nake gani a nan. Ƙasusuwana suna saki. Jiya da na sauka har biredi na ci, da man shanu."

"Gesine, awa ɗaya kullum a wannan zafin, shukokin ba za su yi kirki ba. Naki ne fa. Don ke ake yi."

"Yaushe kika ce masa za su nuna?"

"Ƙarshen Fabrairu."

Ta kurɓi shayi. "Likita ta ce in na ga Kirsimeti in gode."

Babu wanda ya gaya mini. Na tambaye ta ko Onno ya sani.

"Yana zaune a gefena aka faɗa. Da muka fito bai ce uffan ba, ya tsaya a hanya ya sayo wa shukokin taki." Ta yi ɗan murmushi. "Ki bar shi da gonarsa. Mutumin nan in ba shi da abin yi da hannunsa, zama zai yi yana kallona, ni kuma ba zan iya jure wannan kallon ba. Kar ki gaya masa ina hawowa. In ya sani sai ya zaɓa tsakanin ni da shukokin, kuma shukokin ma ni ce a wurinsa."

Na dubi ganyen da ya nannaɗe. A rayuwata ban taɓa barin shuka ta wahala ina gani ba, an san ni da haka, an tsane ni da haka a wurin aiki. Na miƙe na ƙara ɗaga fitilar kaɗan, na juya fankar ta fuskanci bango ko za ta yarda a bar ta. Na kunna, ta girgiza kai. Na kashe.

Ƙarfe huɗu saura kwata na taimaka mata ta sauka, na koma na zuge zif, na kunna fanka, na kashe hita. Da Onno ya dawo ya same mu a falo. Na ce masa ma'aunina ne ya lalace, tsufa ya kama shi, ya yi haƙuri da abin da na faɗa. Na sa ma'aunin a aljihu na tafi da shi gida. Washegari na kawo kujera mai hannu daga gidana na ce ba ni da wurin ajiye ta, ya hau da ita ɗakin guga bai tambayi komai ba.

Gesine ta ga Kirsimeti, ta ci ɗan yankin agwagwa. Ta rasu ranar tara ga Janairu da hantsi. Kwana shida kafin nan ta daina hawa bene.

Sati biyu bayan jana'iza na je in taya Onno kwance tantin. Shukokin suna nan, gajeru, a karkace, furen da suka soma bai taka kara ya karya ba. Da a wurin aiki ne da na tuge su ba tare da na waiwaya ba. Onno ya hawo da tiren shayi, ya jefa dunƙulen sukari mai kama da ƙanƙara a kofuna, ya zuba shayi, muka ji sukarin yana tsatsagewa.

"Ma'auninki lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

Na ajiye kofina na dube shi.

"Wane kemis ne ake zuwa kullum ƙarfe uku? A bakin kogi nake ajiye mota in zauna. Ranar farko mantuwa na yi na dawo, na ji Gesine a kan matakala tana nishi, sai na fita a hankali. In ina gida ba za ta hau ba, ba ta son in ga yadda take hawa."

"Ka rantse mini da kabarin Mama."

"Fanka kika tambaya. Mai kashe fanka Gesine ce." Ya juya kofin a hannunsa. "Hita ni ne. Kafin in fita nake kunnawa, don ta tarar da ɗumi."

Na yi kuka a wurin, irin wanda ban yi ba a coci. Shi bai yi ba, yana dai kallon shukokin.

"Za su kai Fabrairu?"

"Za su kai. Amma ba za ka sami komai ba, Onno."

"Na sani. A bar su."

Agogon falo ya buga uku. Ya miƙa hannu cikin tantin ya kashe fankar, ya zauna a kujerar da na kawo, ya ɗaga fuska cikin hasken ya rufe ido. Na tashi na rufe ƙofa.