Tukunyar Furen Dakta

Wata uku Dakta tana farautar wani bairos a jikin naman gwarin da ke zaune a saiwar wake, wanda yake ciyar da shuka ita ma tana ciyar da shi. Sai ga bairos ya fito a kowane gwaji, har a kwalbar shaida, wadda ba a zuba mata komai sai tsabtataccen ruwa. Ƙazanta ta shiga aikin ke nan, wahalar wata uku ta tashi a banza.

Dakta kuwa akwai zuciya. A gaban ɗalibai ta wanke Baba mai wankin kwalabe tas, mutumin da ya shekara ashirin da biyu a ɗakin gwajin.

"Baba, in ido ya gaza a faɗa mana. Nan ba gidan hutu ba ne."

"Allah ya huci zuciyarki, Dakta," abin da ya ce ke nan. Mako bai zagayo ba aka mayar da shi sito, bisa takardar da ta rubuta da hannunta.

Ranar da sakamakon jerin ƙwayoyin halittar bairos ɗin ya iso, ta kwatanta shi da duk samfuran da ke kwamfutarta. Bai dace da na gona ko ɗaya ba. Wanda ya dace da shi, harafi da harafi, shi ne wanda ta taɓa ɗiba don gwada sabon inji, daga tukunyar furen da ke kan teburinta.

Innalillahi! Kullum da safe sai ta tura yatsa cikin ƙasar tukunyar ta ji ko da danshi, sannan ta wuce ta zaro safar hannu daga kwali da wannan yatsan. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta sami Baba a sito yana jera kwalaye. Ta rusuna, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Baba, ni ce. Furen nan nawa ne ya ɓata aikin."

"Na sani, 'yata."

"Ka sani? To me ya hana ka faɗa ran nan?"

"A gaban ɗalibanki?" Ya kakkaɓe ƙurar hannunsa. "Ai shi ya sa kullum nake ajiye miki sabulu kusa da tukunyar."

Sai a lokacin ta tuna da sabulun. Sau biyu tana yi masa faɗa ya daina tara mata shirgi a tebur.