Ƙauri a Kogon Dodo

Tafiyar Kogon Dodo, a filin wasanni, minti huɗu ce. Mutum shida ke shiga kowane tarago, ya bi dogo cikin duhu, ya ratsa wani gari na katako da ke ci da wuta. Wutar jar fitila ce da ƙyallen siliki da fanka ke kaɗawa. Hayaƙin tururi ne. Ƙaurin kuma daga kwalba yake, wata 'yar na'ura ke fesa shi duk sanda tarago ya zo wucewa.

Injiniya, wadda ta shekara tara tana kula da na'urorin kogon, ta cire kwalbar da ƙarfe bakwai na safiyar Asabar saboda bakin feshin ya toshe. Ta jefa ta a aljihun rigar aiki, wani aikin ya ɗauke mata hankali.

Da sha ɗaya da kwata tana ɗaure ƙusar shinge a ƙofar fita, sai wani dattijo ya sauko daga tarago da jikokinsa biyu, yana tari yana dariya.

"Kai, 'yata, kun iya haɗa ƙarya," in ji shi. "Har da warin roba mai ƙonewa!"

Ƙaurin kwalbar na itace ne. Ta taɓa aljihunta, ta ji ta a ciki.

A ɗakin sarrafa taragu ta sami Dogo, ƙanin mijinta, wanda ke kan aiki ranar.

"Dogo, tsayar da shi."

"Matar Yaya, kin ga layin nan kuwa? Ya kai wurin masu sayar da balan-balan."

"Ana ƙauri a ciki."

"Kullum ai ana ƙauri a ciki. Shi suke zuwa shaƙa."

Ta ajiye kwalbar a gabansa. Ya dube ta, ya dubi kwalbar, ya danna jan maɓalli.

Taragu uku ne a ciki, mutum goma sha takwas. Fararen fitilun aiki suka kama, kiɗa ya ɗauke. Dogo ya ɗauki lasifika ya ce kowa ya zauna inda yake, ƙaramin gyara ne. Injiniya ta saɓi tulun kashe gobara ta shiga ta ƙofar gefe. Ta buɗe sandunan da ke tare mutane a taragun ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wa mutane jan layin da za su bi. A bakin ƙofa ta ƙirga su. Goma sha takwas. Ta sake ƙirgawa.

Bayan gida na huɗu a garin katakon ta sami abin. Ƙyalle ɗaya ya yage ya naɗe a wuyan injin fanka, bel ɗin roba ya goce yana gogar ƙarfe. Robar ta narke, bakin ƙyallen ya yi ja. Tsakaninsa da bangon katako bai kai taki ɗaya ba. Ta yanke wutar injin, ta fesa masa tulun har sai da ya ƙare.

Manaja ya iso yana haki, waya a kunne.

"Wa ya ce a rufe mini kogo ranar Asabar?"

Ta miƙa masa ƙyallen. Ya shinshina, ya kashe wayar.

"Wani ya ji ciwo?"

"Babu, Yallaɓai."

"Ba wanda ya ji ƙaurin tun ɗazu?"

"Kowa ya ji. Sun ɗauka namu ne."

Manaja ya sake duban ƙyallen. Sannan ya tambaye ta awa nawa take buƙata. Ta ce fanka huɗu ne a garin, duka za ta buɗe, kada ya sa rai kafin gobe. Ya ce ta ɗauki jibi ma.

A waje wata mata daga tarago na ƙarshe tana ta faɗa cewa an fito da su ba su ga dodon ba. Dogo na ba ta haƙuri, yana ce mata dodon ya tafi hutu.

Injiniya ta zauna a kan matakala, ta cire safar hannu.

"Dogo," ta ce, "samo mini ruwa. Mai sanyi."

"An gama, Matar Yaya. Har gora biyu."