Yadda Aka Sauko da Zaharaddeen

A unguwar Ƙofar Mata an san Hajiya 'Yardada da wainar da take toyawa da safe, an kuma san ta da autanta Zaharaddeen, sojan sama. Ba shi yake tuƙi ba. Makaniken jirgi mai saukar ungulu ne, irin waɗanda in sun gama gyara sai a ce su shiga a tashi da su, wai don kowa ya ɗanɗana aikin hannunsa.

In ya zo hutu, tsakar gida cika take yi. Yayyensa mata da 'ya'yansu su kewaye shi, shi kuwa ya miƙe ƙafa a tabarma yana cin waina yana zuba.

"Jirginmu fa ya girmi Inna," in ji shi. "Kafin a tayar da shi sai mun durƙusa mun gaishe shi. In muka ga mai yana ɗiga a gindinsa murna muke yi, mun san akwai saura a ciki."

Yayarsa Luba ta ce, "To ba a ba ku lemar nan ta dirowa?"

"Lema? Yaya, farfela ce fa a saman kanmu. Kina fita za ta yanka ki kamar kuɓewa. Mu da jirgin tare muke saukowa, ko da sallama ko babu."

Kowa ya kwashe da dariya. Hajiya kuwa tashi ta yi ta shiga ɗaki.

Bayan ya koma bakin aiki a Arewa maso Gabas, aka ji a rediyo wani jirgin soja ya faɗi. Ba nasu ba ne, amma daga ranar abinci ya daina wuce mata. Ta yafa mayafi ta nufi Kabuga, gidan Alhaji Ɗantani, aminin marigayi mijinta, tsohon hafsa mai ritaya wanda har yanzu manya suke ɗaukar wayarsa.

"Alhaji, a sauko mini da yaron nan. Ko shara ce a ba shi, in dai a ƙasa ne."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Hajiya, ƙasar can ma ba lafiya gare ta ba. Kuma yaron yana son aikinsa."

"A ƙasa dai ko faɗuwa mutum ya yi, kusa ne."

Ta yi ta sintiri har kunya ta kama shi, ya yi wayar. Aka mayar da Zaharaddeen sashen kaya, yana raka motocin da ke kai kayan gyara daga wannan sansani zuwa wancan. Da ya kira ta, murya a sanyaye, ya ce, "Inna, an cire ni daga jirgi." Ta ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Ranar har sadakar waina ta yi.

Damina ba ta fita ba motar su Zaharaddeen ta taka bam ɗin da aka binne a hanya. Direban da wani soja suka rasu nan take. Zaharaddeen ya rayu, amma ƙafarsa ta hagu daga gwiwa ta tafi.

A asibitin sojoji ta same shi, ya rame, leɓe duk ya bushe. Ta tsaya a bakin gado, idonta a kan wurin da zanen rufa ya kwanta shafal.

"Inna, kin san wa ya ɗauko ni daga dajin? Tsohon jirgin nan namu. Ko tari bai yi ba a hanya. Kuma a duk shekarun da na yi a cikinsa, ban taɓa tashi sama irin na ranar nan ba, ga shi ba tare da jirgi ba."

"Auta, ka bari."

"In na bari me zan yi, Inna?"

Ta buɗe baki, ya girgiza kai. "Baba Alhaji ya riga ki zuwa, ya yi kukansa ya tafi. Kada ki ɗora naki. Zauna ki ɓare mini lemon nan."

Ta zauna ta ɓare.

Yanzu yana gida. Ya buɗe ɗan shago a soron gidan yana gyaran janareto, kuma hannunsa yana da kyau, har daga kasuwar Kurmi ake kawo masa. Barkwancin bai bar shi ba. Kwanan baya ya sa Luba ta yi masa cigiyar wanda ya rasa ƙafar dama, mai lambar takalmi irin tasa, su riƙa saye tare. Mutane suna cewa Allah Ya ba shi ƙarfin zuciya.

Hajiya ce kaɗai take ganinsa da la'asar in kasuwa ta yi sanyi, zaune cikin baƙin mai da tsummoki, sifana a hannu, bai ɗaura komai ba, bai kwance komai ba. Takan tsaya a bayan ƙyaure da kwanon abincinsa, ta jira har ya motsa, sannan ta yi sallama.